Baƙuwar Dalma a Naman Kawa

Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma babu zagi a cikinta ko na kalma ɗaya. Malamina mutum ne mai ladabin alƙalami. Abin da ya rubuta shi ne, bayan dogon nazari ya ga ba zai iya tsaya wa lambobin da na kawo masa ba, kuma ba ya jin daga kawar da aka ba ni suka fito. Ya sa hannu, ya miƙa wa kwamitin da ke duba aikina, ya kuma aika kwafi ga jami'armu ta gida da ta ba ni hutun ƙaro karatu, wai haka ƙa'ida ta ce. A Hausance dai ce mini ya yi maƙaryaciya. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini kai, amma har yau in na tuna sai haushin ya dawo mini sabo.

Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun casa'in, ina shekara ta biyu a digirin dakta a Greensboro. Ni 'yar Filato ce, duwatsu na sani da ramukan kuza. Kafin in zo Amurka sau ɗaya na taɓa ganin teku, shi ma ta tagar jirgi. Sai ga shi an ce karatuna duka zai rataya a kan kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da Turawa ke zuƙewa ɗanya suna lumshe ido. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, ba kuma ni da niyya.

Greensboro ma ba a bakin teku take ba. Duk bayan wata biyu sai mu ɗauki motar sashe da sassafe mu miƙa gabas, tafiyar kusan awa huɗu, zuwa wasu rafuka inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Mu shiga taɓo har gwiwa, mu ɓamɓaro kawa, mu zuba a kula da ƙanƙara, mu juyo. Dalilin wannan wahala shi ne kawa ba ta yawo. Inda ta manne nan za ta ƙare rayuwarta tana tace ruwa, duk ƙarfen da ke cikin ruwan kuma yana taruwa a namanta. In kana son sanin abin da rafi ya sha a watannin baya, ita za ka tambaya.

Ni dalma aka ba ni. Auna yawanta ba wuya, abin da muke nema shi ne daga ina ta zo. Dalma iri huɗu ce a haɗe, kamanninsu ɗaya, sai dai wata ta ɗara wata nauyi kaɗan, su ake kira aisotof. Yadda huɗun nan suka cakuɗu ya danganta da ramin da aka haƙo dalmar, kuma ko an narka ta, ko an zuba ta a fetur, ko an dama ta a fenti, cakuɗin yana nan yadda yake. Kamar Basakkwace ne, ko ya shekara talatin a Kano, da ya buɗe baki ka san gidansu. Saboda haka injin da ke auna su zai iya gaya maka cewa dalmar wannan rafi ta tsohon fetur ce da ruwan sama ya wanko daga titi, ta wancan kuma ta fentin jiragen ruwa ce, ko ta wata masana'antar batir da aka daɗe da rufewa. Mutanen da ke cin kawar rafukan nan suna da haƙƙin su san wanda ya zuba musu guba. Na so aikin nan ƙwarai, kuma na iya shi.

Sai lambobina suka fara fitowa a karkace. Akwai wani ɗalibi Bature da muke raba kawar rafi ɗaya, shi ya auna rabi, ni in auna rabi. Nasa kullum suna taruwa wuri guda, kusa da alamar tsohon fetur, yadda kowa ya zata. Nawa kuwa sai su ja gefe, wasu kaɗan, wasu da nisa, zuwa wani wuri a kan takardar inda babu fetur, babu fenti, babu batir, babu komai da aka sani a gaɓar tekun nan. Da farko har murna na yi, na ce ko na gano wata ɓoyayyiyar hanyar guba ce da ta kuɓuce wa kowa. Na shiga ofishin malamina da takardar ina rawar jiki. Da na san abin da wannan murnar za ta jawo mini, da na haɗiye abata.

A irin aikinmu akwai abin da nake kira kwalbar banza. Duk ranar da ka narka naman kawa a asid, sai ka ajiye kwalba ɗaya da ba ka sa komai a ciki ba sai asid ɗin, ka bi da ita duk matakan da sauran suka bi. In ƙura ko dattin hannu ya shiga aikinka, ita za ta tona. To, kwalaben banzana fes suke fitowa, sun ma fi na kowa tsabta a lab ɗin, wato ɗakin gwajinmu. Da wannan malamina ya kafa hujja. Tunda kwalbar banza ta ce babu datti, tunda kuma babu irin wannan dalma a rafin, saura hannun mutum. Ya kuma lura cewa lambobin da suka fi karkacewa duk na ranar Juma'a ne, ranar da muke miƙa masa rahoton mako. Injin awon yana wata jami'a, tafiyar awa ɗaya, ni nake kai kwalabena in auna in kwafo sakamako a littafina. Ya haɗa wannan da wancan, lissafinsa ya ba shi cewa ina gyara lambobi ne don in burge shi.

Ya kira ni ofis wata ranar Talata. Tun da na zauna har na tashi idonsa yana kan takarda ko kan taga. Ya yi magana a hankali, da muryar da ake lallashin mai jinya. Ya ce ya san ɗaliban da suka zo daga nesa suna cikin matsi, ya san ana jiran su a gida su koma da abin nunawa. Sannan ya faɗi maganar da ta tsaya mini a ƙirji har yau.

"Na fahimta, a wasu wurare ba a ɗauki irin wannan abu da nauyin da muke ɗaukarsa a nan ba."

A wasu wurare. Mahaifina shekara talatin ya yi yana riƙe da sikelin awon kuza a bakin rami, masu haƙa su kawo ya auna, kuma a duk ƙasarmu babu wanda ya taɓa cewa ya danne sikeli da ɗan yatsa. An sha matsa masa ya rage wa masu haƙa awo, ya ƙi, har aka taɓa dakatar da shi a kan haka. Muna yara ko gyaɗa aka aike mu awo sai ya duba bakin mudun. A gidan wannan mutum na tashi, sai ga wani da bai san ko a wace nahiya Filato take ba yana koya mini nauyin gaskiya. Na buɗe baki in amsa, Turancina ya gudu ya bar ni. Abin da kawai na iya cewa shi ne ban taɓa lamba ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai yana kallon taga.

Kora daga jami'ar ba ita ta fi tsorata ni ba. Shugaban sashenmu na gida, wanda kwafin wasiƙar zai sauka a teburinsa, masallaci ɗaya suke salla da mahaifina. Mutumin kirki ne, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Na san ba za a yi Juma'a biyu ba labari ya isa kunnen Baba, kuma na san da wace kalma zai isa. Na koma gidanmu da ke bayan titin Wendover, na zauna a kan kafet ko mayafi ban cire ba. Maigidana ya dawo daga sito inda yake aikin lodin kaya, ya same ni haka. Ya ce in yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Na ce masa haƙurin nan ya ajiye shi a firiza tare da kawar, ni ba shi nake nema ba. Bawan Allah ya shiga kicin ya ɗora shinkafa.

Kwamiti ya zauna, aka ba ni mako shida. Akwai ragowar kawa a firiza daga kowace tafiya, aka ce in sake aikin daga farko, amma da sharaɗin a sa wani ya zauna yana kallon hannuna. Ni da na koyar da ɗalibai shekara biyar a gida, aka sa mini mai gadi kamar wadda ake tsoron ta saci cokali.

Wadda aka sa ita ce mai kula da lab ɗin, wata dattijuwa baƙar fata da ta girme wa malamina a aikin. Ita 'yar wani ƙauyen masunta ce a bakin tekun, ita ma ta koya mini yadda ake zura wuƙa a gindin ɓawon kawa a murɗa ba tare da an yanke ba. Ba ta so aikin gadin ba, na gani a fuskarta, amma ta jawo kujera ta zauna a bayana. Ni kuma na sha mur, ko gaisuwar kirki ban yi mata ba. Laifin wani na ɗora mata, ina sane, ban kuma fasa ba.

Ga yadda aikin yake. Za ka sa riga da hula da safar hannu, ka shiga ɗakin da iska ke hurowa ta cikin matata ba tsayawa. Ka ɓare kawa, ka ɗora naman a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka sa hantsaki da 'yar wuƙar roba ka yanko ɓangaren da kake so, ka jefa a kwalba, sannan ka zuba asid. Iskar ɗakin nan busasshiya ce mai sanyi, ga ƙarnin kawa, kullum sai idanuna sun yi ruwa. Na saba, ban ma ƙara lura ba.

Kwana biyu tana zaune tana bin hannuna da kallo. A rana ta uku, ranar Juma'a ce, na ɗago daga kan madubin, na gyara bakinsa da yatsa don ya yi dishi-dishi, na ɗauki hantsaki zan ci gaba. Sai na ji ta ce in tsaya, kar in motsa hannuna. Ta taso, ta kama wuyan hannuna ta juya shi a ƙarƙashin fitila. A kan farar safar, a bakin yatsa, akwai wani ɗan baƙi-baƙi mai ƙyalli, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ɗauki farin ƙyalle ta shafi robar bakin madubin, inda gashin idona ke taɓawa, ƙyallen ya fito da zane baƙi. Sannan ta dube ni a fuska, ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, mene ne wannan a idonki?"

Na ce kwalli ne. Ta ce da me ake yin sa. Na buɗe baki in ce da dutse, sai abin ya faɗo mini a rai. Ni mai digiri biyu a kimiyya, na san sunan dutsen nan a littafi tun ina aji ɗaya a jami'a, na san rabinsa da ɗoriya dalma ce zalla. Na kuma san dutsen da Innata ke saya a kasuwa wurin masu kawowa daga wajen Wase, mai walƙiya kamar fasasshen madubi, ta niƙa shi a kan ɗan dutsen niƙanta har ya yi laushi, ta ɗura mana a tandu. Duwatsun nan biyu sun shekara goma sha biyar a cikin kaina, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, ba su taɓa gaisawa ba sai ran nan.

A ƙofar ɗakin akwai allo da ke cewa ba a shiga da abinci, ba a shiga da zobe ko 'yan kunne, ba a shiga da kwalliya a fuska. Ranar da na fara aiki ma sai da na sa hannu a takarda cewa na karanta na yarda. Na cire 'yan kunnena da awarwarona, layin kwalliya kuwa na tsallake shi da alfahari, don ni ban taɓa sa jan baki ba, hoda ma sai da biki. A wurina kwalliya ita ce hoda da jan baki da jagira. Kwalli kuwa ai kamar wanke fuska ne. Kakana yana sa shi, liman yana sa shi, jariri ranar da aka haife shi ana zizara masa. In mace ta fito ba shi sai a tambaye ta ko ba ta da lafiya. Kowace safiya bayan salla hannuna ke zuwa kan tandu ba tare da ya yi shawara da ni ba, ran Juma'a kuma in ƙara cikawa, don Juma'a ce. Kalmomin biyu ma, kwalli da kwalliya, ko kurma ya ji su ya san 'yan gida ɗaya ne, amma ni sai da wata mata daga bakin tekun Carolina ta kama hannuna sannan na ji.

Nan take komai ya zauna daidai. Kwalbar banza ba ta zuwa ƙarƙashin madubi, ba a taɓa ta da hantsaki, buɗe ta kawai ake yi a zuba asid a rufe, shi ya sa take fitowa fes. Dalmar da ke naman kawa kuwa kaɗan ce ƙwarai, ƙurar kwallin da ido ba ya gani ma ta isa ta rinjaye ta.

Ranar Litinin na zo da tandun a jaka. Muka ɗebi abin da bai kai kan allura ba, muka narka, muka yi ta sirka shi da ruwa don kar ya ƙazantar da injin mutane. Tare muka tafi da dattijuwar, ita ta zauna gaban injin, ita ta kwafi lambobin da hannunta, ni ina tsaye na harɗe hannu. Da muka ɗora sakamakon a kan takardata, kwallin Innata ya faɗa daidai wurin nan da babu komai, inda lambobina ke ja suna nufa. Duk karkatattun lambobina suka jeru a layi ɗaya tsakanin fetur da kwalli, na Juma'a su ne suka fi kusa da kwallin. Mako biyun da suka biyo baya na yi aiki da ido fari fat, da sabon madubi, kawata ta fito daidai da ta ɗalibin nan Bature. Injin bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Dalmar ƙasarmu ya gani, ya kuma faɗi abin da ya gani.

Na ji sanyi a raina na kwana ɗaya. Daga nan haushi ya dawo, ya ma fi na da, don yanzu har da kaina a cikin waɗanda nake jin haushi. Aikin shekara guda ya tafi, da hannuna na ɓata shi. Na je na amayar da zancen wurin wata Hajiya 'yar Nijar da ke kitso a unguwarmu, wadda duk matanmu ke kai wa kuka. Ta saurare ni tana raba gashin wata, sannan ta ce ita ba ta ga laifina ba ko kaɗan.

"Mushen naki, malamin nan naku, shi ne bai iya rubutu ba. In kwalli yake nufi ya rubuta kwalli mana. Wa ya ce masa kwalli makiyaj ne, irin su hoda da jan baki? Sunna ce."

Na ce mata Hajiya, sunnar ba da dalma aka ce a yi ta ba, kuma ta daina zizara wa jikokinta wannan na dutsen. Ta ce tun kakanninmu ake sawa ba wanda ya makance, in bar ta da bokona. Muka rabu ranta a ɓace, nawa ma haka. A wata guda na yi faɗa da mai cewa na yi ƙarya, na kuma yi faɗa da mai cewa ban yi kuskure ba.

Malamina kuwa, da muka shimfiɗa masa takardar, dariya ya yi. Dariya sosai, har da cire tabarau yana share ido. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa jin labari mai daɗin wannan ba, ya ce zai riƙa ba wa sababbin ɗalibai shi a darasin farko. Sannan ya dube ni, ina jin ran nan ne karo na farko da ya dubi fuskata da gaske, ya ce ai shi ya ɗauka haka idanuna suke. Wata goma sha takwas ina zama gabansa duk mako. Da ya ɗaga kai sau ɗaya ya dube ni yadda yake duban takarda, shi da ya san dalma fiye da kowa a ginin, da tambayar da dattijuwar ta yi shi ya yi ta tun bara. Ya fi masa sauƙi ya zaci ƙarya daga wurina da ya kalle ni.

Haƙuri bai ba ni ba. Ya dai rubuta wasiƙa ta biyu, ya nuna mini kafin ya sa hannu, yana jiran godiya. Layi uku ce. An gano matsalar, ta fito ne daga kayan kwalliyar ɗalibar, an ɗauki mataki. Na karanta, na hango ta a teburin shugaban sashenmu, na ji yadda za a fassara ta a ɗakin shan shayin malamai: an tura ta Amurka karatu ta tsaya kwalliya har ta ɓata aiki. Wannan zan iya haɗiyewa, a yi mini dariya ba komai, kuskuren nawa ne. Abin da babu a wasiƙar shi ne abin da na zo nema. Na ce masa ya ƙara layi ɗaya, cewa ban canja lamba ko ɗaya ba, kuma zargin da ke wasiƙar farko ba shi da tushe.

Ya ɗaga gira, ya ce ai babu wanda ya taɓa cewa na canja lamba, in sake karanta wasiƙar farko, kalmar ba ta ciki. Wallahi ran nan na san ana iya jin zafin fushi har a tafin ƙafa. Wannan karon Turancina bai gudu ba. Na ce masa ni ma na iya karatu, mutanen da ya aika wa ma sun iya, kuma ba zan tashi daga kujerar nan ba sai layin ya shiga. Yana da aji ƙarfe biyu. Ya dubi agogo, ya dube ni, na gyara zama na ɗora jakata a cinya. Ƙarfe biyu saura minti biyar ya juya ga na'urarsa ya buga layin, yana huci. Na karɓi kwafin gida da hannuna, na kai gidan waya da kaina, na aika ta hanya mafi sauri da suke da ita.

A ƙarshen zangon ya gayyaci 'yan lab cin abinci a gidansa da ke unguwar Irving Park, na je don kar a ce na riƙe abu a rai, alhali na riƙe. Ban gama zuba abinci a faranti ba na ji shi yana ba baƙinsa labarin, yana nuna ni da kofi. Suka yi dariya, wata mata ta matso tana leƙen idona ko za ta ga abin. A labarin nasa babu wasiƙar farko. Yadda yake bayarwa, sai ka ce tare muka zauna muka warware wani wasan ƙwaƙwalwa.

Kwana tara da aika wasiƙa ta biyu, na buɗe akwatin wasiƙunmu na ga shuɗiyar takardar jirgi da rubutun Baba a bayanta. Na duba hatimin, an buga shi tun kafin mu kai kwallin gaban inji. Wato wasiƙun sun yi saɓani a hanya. A tsaye na karanta ta a wurin ajiye motoci.

Bai yi faɗa ba. Da faɗa ya yi da na ji daɗi. Bayan gaisuwa ya ce labari ya iso masa, ya kwana biyu bai fita ba. Ya ce ya san ƙasar mutane da wuya, kuma Shaiɗan ya fi samun mutum inda babu nasa. Ya ce in tuba tsakanina da Ubangijina, in tattara kayana in dawo, ɗakina yana nan, Innata ma bai gaya mata ba kuma ba zai gaya mata ba. A ƙarshe ya rubuta cewa shi ya yafe mini duniya da lahira.

Babu tambaya a cikinta ko ɗaya. Na juya takardar, na duba gefe-gefe inda yakan ƙara abin da ya manta, ko zan ga inda ya ce, kin yi ko ba ki yi ba. Babu. Bature ya rubuta a kan takarda mai hatimi, shugaban sashe ya karanta, magana ta ƙare. Mutumin da ya koya mini duba bakin mudu bai ga ya kamata ya auna wannan ba.

Ba mu da tarho a gida, sai a gidan wani maƙwabci. Na kira na bar saƙo, ranar Lahadi da hantsi na sake kira, can la'asar ta yi, aka ba shi. Layin yana ta ƙara, muryata tana dawo mini. Na yi masa bayani tun daga kawa har kwalbar banza, har tandun Inna, har layin da na sa aka ƙara a wasiƙa ta biyu, na ce ya je wurin shugaban sashe ya gani da idonsa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya yi hamdala, ya ce ya ji daɗi an rufa asiri, Allah ya saka wa malamin nan da alheri da ya sassauta.

Na ce, "Baba, ba sassautawa ya yi ba. Ban yi ba ne."

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Na ji, Uwata. Ko ma dai mene ne, ai na ce miki ya wuce."

Na gama digirina bayan shekara uku, na gano dalmar rafuka huɗu, na koma gida na koyar har na yi ritaya. Baba ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan waya, yana alfahari da ni a gaban mutane, yana kirana dakta. Sau biyu na sake ɗauko zancen, sau biyun yana ɗaga mini hannu cikin tausayi, ya ce in daina tone-tone, shi ya riga ya yafe.